Bazara Biyu da Kafson Kulu

Azumin bana a tsakiyar bazara ya faɗo, daidai inda ya faɗo shekarar da na kurumce. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana zagaye, ya bi ta ɗari, ya bi ta kaka, ya bi ta damina, sannan ya dawo ya same ni zaune kan tabarma a gindin dogon yaro, a harabar asibiti a Talata Mafara. Wancan karon ni ne a kwance, matata Kulu tana jinya. Wannan karon ita ce a ɗakin mata, ciwon haƙarƙari ya danne ta, magani ya ƙi ci. Ni kuma ina waje, don ba a barin maza su shiga sai da la'asar.

Duk wanda ya san ni a Bakura ya san Kulu ba matata ce kawai ba, ita ce kunnena. Bakin kowa idan ya motsa, abin da nake tsinta bai taka kara ya karya ba. Nata kaɗai nake karantawa tsaf, har zolayar da ke ciki. Saboda haka da ta kwanta, duniya ma ta kwanta mini. Masu jinya cike da harabar, kowa na hira da na kusa da shi, ni ina zaune a tsakiyarsu ba ni da abokin magana. Ko shan ruwa sai na zuba wa mutane ido, in na ga hannuwa sun nufi baki na san an kira salla. Zafin kuwa bai sake hali ba. Iskar nan mai busar da leɓe, da ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, su suka riƙa mayar da ni wancan azumin.

A lokacin dillancin shanu nake yi. Gadonmu ne: kakana mahauci, ubana fataucin shanu, ni kuma Allah ya ba ni baki da kunne. Ba yabon kai ba, ranar Talata idan na shiga karar Mafara, daga yadda mai saniya ya yi gyaran murya a bayana na san ya kusa sallamawa. Bazara kuma lokacinmu ne. Ciyawa ta ƙare, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, makiyayi ba shi da zaɓi sai ya rage garke kafin ruwa ya sauka.

Amma bazarar shekarar ta wuce misali. Tun kafin a ga wata rijiyar unguwarmu ta ja ƙasa, guga ya koma dawowa da laka. Mazan unguwa muka yi gayya muka yashe ta da azumi a bakinmu, ana zura mutum da igiya, ya cika bokiti da taɓo, a jawo, in numfashinsa ya fara sama-sama a fito da shi a zura wani. Mata kuwa gulbi suke zuwa da sassafe, su tona yashi su zauna jiran ruwa ya tsatso, su kwasa da ƙoƙo. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Nono ya yi wuya, fura sai da tsamiya ake dama ta. Waɗanda ke da gona a aikin ruwa na Bakolori suna girbin alkama, su kaɗai ne fuskarsu ke da annuri, su ma daga hantsi ya ɗaga sai ka gan su zube a inuwa.

Na san tsarin yinin gidanmu na lokacin kamar jiya. Da hantsi Kulu ta share tsakar gida ta yayyafa wa yashi ruwan wanke-wanke, ta jiƙa tsohon buhu ta lulluɓe randa. Da azahar gari ya mutu, ko kaza ba ta yawo, sai buɗe baki da saukar da fiffike. Mahaifiyata takan jiƙa zane ta rufa, ta kwanta a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. La'asar na yi turame su tashi, gida-gida, har ka iya gane dakan kowace mace. Kulu ta jiƙa tsamiya, ta niƙa wake a dutse, ɗanmu na fari yana rarrafe yana kama mata zane. Kafin rana ta faɗi kwanuka sun fara tsallake katanga, namu ya tafi da ƙosai ya dawo da ɗanwake. Ba wanda ke da yawa, amma ba gidan da ke shan ruwa da abin hannunsa kaɗai.

A cikin haka aka fara jin sanƙarau. Da fari daga nesa, a ce ƙauye kaza an binne mutum kaza. Sai ya matso. Yaro ya yini yana wasa, da yamma ya ce kansa, kafin wata yammar an kai shi. Aka ce a daina cunkushewa a ɗaki, kowa ya fito da shimfiɗarsa waje. Gaisuwar mutuwa, da ake zama a yini, ta koma a tsaitsaye.

Ina da alkawarin wasu bijimai a Damaga, wajen abokin cinikina Buba, Bafulatani. Ina ɗaure jaka Kulu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ka bari sai bayan Salla mana. An ce ciwon ga can yaf fi yawa."

Na ce, "In nij jira Salla, wani na riga ni ya kore su. Kwana nawa za ni yi?"

"Kai dai ba a hwaɗa maka magana," in ji ta, ta miƙo mini gorar ruwa.

Ban ko gama ganin bijiman ba. Muna tsaye a rugar Buba da la'asar kaina ya sara, irin saran da ban taɓa ji ba. Na ce azumi ne. Aka sha ruwa, abin da na sha ya dawo. Washegari hasken rana ya zame mini abokin gaba, ko ta ƙofar bukka ya leƙo sai na runtse ido. Buba ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Lawali, duƙar da kai ka dibi cibiyarka." Na yi na yi, wuya ya ƙi, kamar an sa mini taɓarya a ƙeya. Sai na ji ya yi salati, ya fita yana kiran a ɗaura wa shanu amalanke.

Tafiyar Maradun ban riƙe ta duka ba. Na dai tuna kowane rami da ƙafar amalanken ta faɗa a ƙwaƙwalwata yake sauka. Na tuna Buba yana tafe a ƙasa, ya riƙe malafarsa a saman fuskata. Da muka isa ɗakunan asibiti sun cika, an kafa rumfunan zana a fili, mutane jere a kan tabarmi, babba da yaro. Warin amai, ƙuda, zafi na sauka ta ramukan zana. Wani ma'aikaci da gumi ya jiƙa wa riga ya taɓa wuyana, bai tambayi komai ba, ya juya ni ya danna mini allura. Ruwanta kauri gare shi kamar man gyaɗa, shigarta kuwa ta sa na kira sunan mahaifiyata.

Buba ya aika Bakura. Daga baya na ji yadda aka yi. Mahaifiyata ta ce Kulu ba za ta je ba, ga yaro ƙarami, a tura namiji. Mazan kuwa kowa ya sami uzuri, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba, tsoro halak ne. Kulu ba ta yi musu ba. Ta sauke yaron daga bayanta ta ajiye shi a cinyar tsohuwa, ta ɗauki tabarma da 'yar tukunya ta hau motar kasuwa.

Abu na ƙarshe da kunnena ya ɗauka a duniya faɗa ne. Wasu suna tafiya da karatun Alƙur'ani ko kukan tsuntsu, ni da masifar Kulu na tafi. Ta tallafo kaina tana tura mini ludayin koko a haƙora.

"Buɗe baki ka sha! Ban baro ɗana in zaka nan ka mace mini ba. Buɗe, nic ce!"

Na buɗe. Daga nan zazzaɓi ya tafi da ni.

Da na farfaɗo gari ya yi tsit. Na ji daɗin shirun, na ce yau dai masu nishi sun huta. Can gefen rumfa na hango jaki ya miƙe wuya ya wage baki, cikinsa na bugawa. Na ce wannan jakin hamma yake yi haka? Sai na juyo na ga Kulu a kaina, bakinta na motsi, na motsi, hawaye na zuba. Na ce mata ta ɗaga murya. Ban ji abin da ni kaina na faɗa ba.

Mun kai har bayan Salla a rumfar nan. Ni ina fama da kaina, in na miƙe ƙasa ta juya da ni. Kulu kuwa ido buɗe ta ga komai. Ta ga waɗanda aka kawo a makare an naɗe su a tabarmarsu. Ta ga waɗanda allurar ta riska da wuri sun tashi sun nemi tuwo. Ta ga mijinta, da aka fara yi mata gaisuwarsa, ya zauna yana haɗiyar kafso ja-da-baƙi da aka ba shi ya ƙarasa da su. Duk abin da zan faɗa a kanta nan gaba, a tuna ta ga wannan.

Ruwan farko a Maradun ya same mu. Gabas ta haɗe, iska ta ɗaga zanan rumfa, na ga walƙiya, na ji wani abu ya bugi ƙirjina ta cikin ƙasa, na gane tsawa ce. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Mutane suka fito suna ɗaga hannu sama, yara na tsalle, ruwa na dukan kwanon asibiti, ni ina kallo kawai. Ranar na yi kuka mai yawa, ruwan sama ya rufa mini asiri. Daga wannan ruwan sanƙarau ya ɗauke ƙafa, kamar yadda ya saba.

Dillanci ya ƙare. Na gwada komawa kara, na tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa ina raba ido, suka ƙulla cinikinsu ta saman kaina. Na koma noman rani, albasa da shinkafa, su ba ruwansu da kunne. Abokai ba su guje ni ba, gajiya suka yi. Gaisuwarmu mai tsawo ce, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi iyali da dabbobi. Tawa ta koma ɗaga hannu daga nesa. Majalisar ƙofar gida na zauna na zauna, in an yi dariya in yi, har na ga wautar abin na daina fita.

Kulu ce ta ƙi gajiya. Ta koyi ta tsaya inda haske ke dukan fuskarta, ta taɓa gwiwata, ta yi magana a hankali. Ni kuma na koyi bakinta. Abin da rediyo ya faɗa, ita. Wanda ya mutu, wanda ya haihu, wanda ya saki matarsa ya dawo yana lallashi, ita, kuma na san tana ƙara gishiri don in yi dariya. In na ɓata mata rai ba ta da hukuncin da ya wuce ta juya mini ƙeya. Yini guda na wannan ya ishe ni in nemi sulhu ko ni ne da gaskiya.

Daga Maradun kuma ta dawo da imani guda: kafso. Akwai wata kwalla a jerenta, ba tuwo ba goro, sai kafso, ja-da-baƙi da ja-da-rawaya. Yaro ya yi tari, ta ɓare ɗaya ta zazzage a kunu. Zawo, kafso. Ƙurji, a barbaɗa kafso. 'Yan tsaki suka fara gyangyaɗi, a zuba musu a ruwa. Ragunan da take turkawa don Babbar Salla ma suna da rabonsu. Ni kaina na sha ba adadi, kuma sau da yawa na ga kamar ya yi aiki.

Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, a unguwarmu ba a shanye magani. Yadda babba ba ya suɗe kwano, yakan rage wa na baya, haka ake yi da kafso. In ka sha kwana biyu jiki ya yi sauƙi, sauran na wani ne. Wanda ya ji sauƙi ya ci gaba da haɗiya har katin ya ƙare, sai a ce ya cika son kansa. Ta katangar da ƙosai ke tsallakawa, ta nan kafso ke tsallakawa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Kulu, sam mini biyu, mai sunan Malam na zahi," Kulu ta buɗe kwalla da farin ciki. Ba ta taɓa cewa babu ba. Sadaka ta ɗauke shi, tana rabon abin da ya dawo mata da miji.

Bana tari ya kama ta ana saura kaɗan a ga wata. Ta sayo kati a kemis ta ɗauki azuminta, don Kulu ba ta ajiye azumi saboda tari. An ce mata sau uku a yini, ta mayar da shi sahur da shan ruwa. Ta ji dama-dama, ta tsaya, sauran ya tsallaka katanga. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Na gan ta tana tankaɗe ta dafe haƙarƙarin dama, numfashi guntu-guntu, jiki kamar garwashi. Ta koma kwalla, shiru. Aka kira mai kemis ya yi mata allurai, shiru. 'Yarmu Rabi, wadda ke aure a nan Mafara, ta zo ta dube ta sau ɗaya ta ce a nemo mota.

Ban ji tsoro ba da farko, gaskiya. Na san asibiti. Na san ana kai mutum rai a hannun Allah, a yi masa allura, ya tashi. Ga shi yanzu har da gado da fanka da ƙarin ruwa, ba rumfar zana ba. Aka sa mata magani ta jijiya. Kullum da la'asar in shiga, in taɓa goshinta, zafin na nan. Aka sake wani maganin. Aka ɗebi kakinta da jininta aka aika Gusau a duba.

Ranar da aka sake maganin, Kulu ta taɓa gwiwata. Leɓenta sun bushe sun tsage, amma na karanta.

"Malam, ka ce su yi mini irin allurarka. Mai kaurin nan."

Na tare likitan a baranda, wani matashi mai natsuwa, na faɗa masa. Yana sanye da takunkumi, ya yi ta bayani ina kallon ƙyalle na motsi. Na ce, "Ɗana, ni kurma na. Sauke abin ga in ga bakinka." Ya sauke, ya sake farawa a hankali, na tsinci kaɗan. Rabi ta ja ni gindin bishiya ta maimaita, da baki da hannu, sau da yawa, don ita ma ban iya bakinta sosai ba. Ta girma tana cewa, "Inna, hwaɗa ma Baba."

Abin da na fahimta shi ne wannan. Ƙwayar cutar da ke huhun Kulu, irinta ce in ta sauka ƙirji ta zama limoniya, in ta hau kai ta zama sanƙarau. Sakamakon Gusau ya nuna magungunan da aka saba kashe ta da su sun daina kashe ta. Tsohuwar allurata ma ba ta cikin lissafi. Na ce to, jikin Kulu ne ya saba da magani. Rabi ta girgiza kai.

"Ba jikinta na ba, Baba. Ƙwayoyin na sunka saba. Yac ce in ana ba su magani kaɗan-kaɗan ba a gama su ba, masu taurin su ka saura, su hayayyahwa, su bi gari. Ko wanda bai taɓa shan kafso ba shina iya ɗauka."

Wannan ban sha wuyar gane shi ba, don na san kaska. Makiyayin da ke tsinka ruwan wankan shanu don ya isa garke, shekara kaɗan sai ka ga kaskarsa na yawo a cikin maganin ba abin da ya dame ta, kuma ba ta tsaya a garkensa ba. Na zauna ina duban katangar asibitin. Na ji haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa. Kulu? Wanda ya tsaya a rumfar Maradun ya ga abin da ta gani, shi ya zo ya zarge ta. Rabi ta tambaya ko a faɗa wa Inna. Na ce kada wanda ya kuskura.

Likitan ya ce akwai sauran magani guda da ake sa rai, ba a ajiye shi a nan, sai Sakkwato. Mijin Rabi ya kama hanya. Babban ɗanmu yana Kudu da shanu, ana ta waya da shi, ni dai in ga Rabi ta kara abu a kunne tana share ido.

Kafin maganin ya iso numfashin Kulu ya ƙara tsananta, aka sa mata abin shaƙar iska, wata roba da ta rufe hanci da baki. Na shiga da la'asar na same ta haka. Ta gan ni, idonta ya yi haske, ta fara magana. Robar ta yi gumi daga ciki. Na matso, na karkata, na leƙa ta gefe, ba abin da nake gani sai inuwar leɓe. Tun ranar jakin Maradun ban ji kurumta irin ta wannan yammar ba. Na riƙe hannunta ina gyaɗa kai kamar na gane, ita kuma ta san ban gane ba, don ba a yi wa Kulu wannan wayon.

Kwanakin da suka biyo baya su ne goman ƙarshe. Gari ya yi nauyi, gajimare ya taru da rana ya watse da yamma, ba ɗigo. Mangwaro ya cika bakin asibiti, Rabi ta sayo ta yanka mini, ya kwana a kwano. Masu jinyar da muka zo tare wasu an sallame su, wasu sun fita da kuka, sababbi sun shimfiɗa tabarmi a gurbinsu. Wani dattijo ya zauna kusa da ni ya yi ta magana, da alama labarin mai ciwonsa yake ba ni. Na bar shi ya gama, na ce Allah ya ba da lafiya. Ya ji daɗi ya tafi.

Maganin Sakkwato ya iso aka fara. Zazzaɓin ya ɗan sauka, har na sa rai. Likitan ya sauke takunkuminsa da kansa ya dube ni, ya ce huhun ya riga ya sha wuya, a ci gaba da addu'a. Wannan na karanta shi duka, don fuskarsa ta riga bakinsa.

Ana jibi Salla na shiga da la'asar. Rana ta karkato ta taga tana dukan gadonta. Rabi na zaune a ɗaya gefen tana mata fifita. Kulu ta dube ni ta daɗe. Sai ta ɗaga hannu da ƙyar ta janye robar zuwa haɓa. Rabi ta yunƙura za ta mayar, Kulu ta ture hannunta. Ta juyo da fuskarta cikin hasken, ta taɓa gwiwata.

"Malam," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ka riƙa bin gehen hanya. Ka riƙa waigawa. Yaran ga masu babura ba su san kai kurma na ba."

Na ce, "To."

"Ba to ba. Kai ba a hwaɗa maka magana. Ka yi alkawali."

"Na yi alkawali, Kulu."

Ta lumshe ido, ta bari Rabi ta mayar da robar. Ba ta sake cire ta ba. Washegari da hantsi, ina gindin dogon yaro, na ga Rabi ta fito ba mayafi a kanta.

A Bakura muka kai ta, ranar jajibiri, ƙasa ta yi tauri har sai da aka zuba ruwa kafin a haƙa. Aka yi Salla muna zaman makoki. Mutane sun zo da yawa, matan unguwa kaf, ba wadda ba ta ci alherinta ba. Kowa ya tsuguna gabana ya motsa baki, na ce amin.

Bayan an watse, Rabi na haɗa kayanta za ta koma ɗakinta, sai ta zo ta zauna a gabana. Ta gyara zama ta fuskanci haske yadda ta ga ana yi.

"Baba, ran nan da Inna tac cire abin nan, mi tac ce maka? Alkawalin mi kay yi?"

Na ce, "Ke da kina wurin? Ke ad da kunne, ni za ki tambaya?"

Ta dube ni kamar ni ne na faɗi abin mamaki.

"Baba, ai Inna ba ta yi maka magana da murya. Baki kaɗai taka motsawa. Tun muna ƙanana haka munka gani. Muryarka kaɗai muka ji, kana amsawa kana dariya."

Na sa ta maimaita, don ina tsoron ban karanta daidai ba. Ta maimaita.

Ni duk shekarun nan a zatona ihu take yi mini, har nakan ji kunyar maƙwabta in ta ɗauko gulmarsu. Ashe tun da ta gane muryarta ba ta isa gare ni, ta daina kawo ta. Labaran, da faɗan, da zolayar, da abin da mace kan faɗa wa mijinta in yara sun fita, ba wanda zan je wa in ce, ka tuna ranar da Kulu ta ce kaza? Shekara talatin tana magana a tsakiyar gida cike da masu kunne, kuma ba wanda ya ji ko kalma ɗaya sai ni.

Rabi na jira. Na buɗe baki zan faɗa mata, sai na fasa. Na ce ta tashi kada motar Mafara ta cika.